Lambobin kwastomominka a wayar wa suke? Yadda na tsara bayanan masu sayen kayana a Kwari

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa rubuta sunan kwastoma ba sai in bashi ya ci. Sauran duk a kansa suke. Mace za ta shigo shagonmu a Kantin Kwari bayan shekara biyu ba a ga ƙeyarta ba, kafin ta gama sallama ya ce, "Hajiya, ina labarin Damagaram? Yarinyar nan da aka haɗa wa lefe ta haihu kuwa?" Sai ya juyo ya ce in sauko da leshin can mai ruwan ƙasa, don ya san ba ta sa ja. Ba ta fita hannu rabbana. A lokacin na ɗauka fara'a ce kawai irin ta dattawan kasuwa. Sai da na girma na gane talla yake yi, kuma talla mafi araha, don ya san wadda yake wa magana.

Na gaji shago, na gaji kaya da littafin bashi, amma ban gaji wannan kan ba. Ko da na gada ma ba zai ɗauke ba. Shi ƙafa ce ke kawo masa mutane, ni kuwa da yawa daga masu sayen kayana ban taɓa ganin fuskarsu ba. Hoto suke gani a waya, su turo kuɗi, a kai kaya tasha.

Abin da ya farkar da ni shi ne yaye babban yarona. Ya daɗe tare da ni, lokaci ya yi, na ba shi jari ya buɗe nasa a wani layi. Lafiya muka rabu, har gobe muna gaisawa. Sai da azumi ya matso na ji shiru. 'Yan sarin da suka saba kira daga Maiduguri da Yola da Maraɗi, babu ko ɗaya. Ashe ba lambata suke da ita ba, tasa ce, don shi ke ɗaukar hoto ya tura, shi ke kai kaya mota. Bai saci komai ba, wayarsa ce, layinsa ne. Na zauna ina duba tawa wayar, ga abin da na tarar: "Hajiya Atamfa", "Hajiya Atamfa 2", "Mai Leshi Sabuwa", "Alh Kamaru", "Kwastoma Jiya". Jiyan wace shekara?

In ka ce data a Kano, kowa zai ɗauka wadda ake saye ta ƙare kafin wata. Ba ita nake nufi ba. Ina nufin bayanan mutanen da ke ba ka kuɗi: su waye, ina suke, me suka saya, yaushe, kuma me ya kawo su. Manyan kamfanoni ma'aikata suke ɗauka don wannan. Mai shago ɗaya littafi da waya da naci sun ishe shi. Ga yadda na bi.

Layi ɗaya, na shago

Na sayi layi na musamman, na yi masa rajista da NIN ɗina, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, na sa shi a wayar da ba ta kwana gidan kowa sai nawa. A kansa na buɗe WhatsApp Business, manhajar da aka fito da ita a 2018 don masu sana'a, kuma kyauta ce. Tana bari a haɗa wasu na'urori har huɗu da lamba ɗaya, don haka yara suna amsa saƙo daga nasu wayoyin amma hirar tana kan lambar shago. Ranar da yaro ya tashi tafiya, ka cire na'urarsa, ku yi musabaha. Rasit, leda, allon ƙofa, duk wannan lambar ce a jiki.

Asusun karɓar kuɗi ma na shago ne. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, har tsofaffin da suka rantse ba za su yi tiransifa ba suka koya dole. Wahalar ta bar mana abu guda mai amfani: kowane alat yana zuwa da suna da adadi da rana. Sai dai kada ka dogara da sunan. Sau da yawa na maigidanta ne, ko na mai POS ɗin bakin layinsu. Dole wani ya rubuta cewa wannan kuɗin na wance ne.

Abin da ake rubutawa

Kowane mutum layi ɗaya a littafi, kowane bayani da gidansa a layin. Sunansa na gaskiya da kuma wanda aka san shi da shi a kasuwa, lambarsa, garinsa da unguwarsa, ɗan sari ne ko mai sayen na sawa. Sannan duk ranar da ya yi ciniki a rubuta abin da ya ɗauka, turmi nawa ko yadi nawa, da kuɗin. Ga na nesa ina ƙara tashar da ake kai masa kaya da direban da ya yarda da shi, don wannan kaɗai ya kashe min rigima da yawa. Sai gida uku da mutane ke rainawa: ta ina ya san mu, ya yarda a riƙa turo masa hoton kaya ko bai yarda ba, kuma rubutu yake so ko murya. Wannan na ƙarshen kada ka yi wasa da shi. Akwai hajiyoyin da ke juya miliyoyi amma ba sa karanta boko, in ka tura rubutu sai jika ya dawo daga makaranta. Saƙon murya na daƙiƙa 20 ya fi musu shafi guda.

Kada ka tara abin da ba za ka yi amfani da shi ba. Wani yaro ɗan jami'a da ya taya ni aikin farko ya dage sai mun sa ranar haihuwa, wai haka ake yi. Na ce masa a Kwari wa ya damu da ranar haihuwarsa? Abin da zai amfane ni shi ne in san Hajiya za ta aurar da 'yarta bayan Babbar Sallah, za a fitar da anko, za a haɗa lefe. Shi na buɗe wa gida, na sa masa suna "hidima mai zuwa".

Da littafi mai kauri muka fara, yana nan kan kanta har yanzu, don lokacin da kasuwa ta cika babu mai sararin danna waya. Amma kullum kafin a rufe shago ana kwashe na ranar a zuba a jadawalin Google Sheets. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sai an gaya masa abin da ke faruwa da takarda ba. Kaya suna ƙonewa a sake sarowa, littafin bashi in ya ƙone sai dai tsoron Allah na wanda ake bi.

Shara

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane ke gajiya su bari. Bayanan da ba a gyara ba sun fi babu cutarwa, don za ka yarda da su alhali ƙarya suke maka.

Fara da lambobi. Lambar Najeriya guda 11 ce in ka fara da sifili, amma Excel da Google Sheets suna cinye sifilin farko in ba ka gaya musu gidan na rubutu ne ba na lissafi ba. Ka zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kai. Ni da lambar ƙasa nake farawa, 234, saboda ina da mutanen Nijar masu 227, na Chadi masu 235, na Kamaru masu 237, kuma da kallo ɗaya nake sanin wanda ke tsallaken iyaka. Sunan gari ma haka. Yaro ɗaya zai rubuta Damagaram, wani ya rubuta Zinder, kwamfuta ta lissafa maka gari biyu. Na rubuta sunayen garuruwa a takarda na manna a bango, daga nan kowa ke kwafa.

Sai maimaici. Mutum ɗaya yana da layin MTN da na Airtel, ya yi ciniki da wannan yau, gobe da wancan, ka ɗauka ƙananan kwastomomi biyu ne alhali babba ne guda. Duk Alhamis nake zama in haɗe irin waɗannan. Akwai kuma matattun lambobi. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi ga wani, ga kuma ɗimbin layukan da aka rufe saboda rashin haɗa su da NIN. Na shafe watanni ina tura hoton leshi ga wata lamba da na rubuta da sunan wata Anti, har ran nan aka amsa da murya, namiji ne: "Malam, don Allah ka ƙyale ni, ni bakanike ne." Duk lambar da aka tura wa saƙo sau uku babu alamar rai, a kira ta. In ba mai ita ba ce, a goge.

Wa ke riƙe da shagon?

Da na samu bayanan wata shida masu tsabta, sai na yi wa kowane suna tambaya uku: yaushe rabonsa da saye, sau nawa ya saya, nawa ya kashe gaba ɗaya. Jadawalin da kansa yake jera su daga babba zuwa ƙarami, dannawa ɗaya ce.

Abin da na gani ya ba ni kunya. Waɗanda nake tashi tsaye in tarba, in aika a sayo musu lemo, masu zuwa da babbar mota su yi awa biyu suna taya kaya, ba su ne a sama ba. A sama akwai wasu mata da ko shagon ba sa zuwa, masu sana'a a cikin gida a Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Hotoro da Kurna. Turmi biyar yau, takwas mako mai zuwa, su raba wa matan unguwa a biya kaɗan-kaɗan, ko ranar kwasar adashi. Ba sa ciniki mai tsawo, ba sa riƙe kuɗi. Su ne ke biyan hayar shagon, ni kuwa ko barka da Sallah ban taɓa yi musu ba. Yanzu in sabon kaya ya sauka su ke fara gani, kwana guda kafin in sa a sitatus, don su riga kowa kai wa matan unguwarsu. Ban rage musu ko kwabo ba, wannan kwana gudan ya fi musu ragi.

Rukuni na biyu da nake bibiya su ne waɗanda suka saba saye suka yi shiru. Duk wanda ya wuce wata huɗu sai layinsa a jadawali ya koma ja. Waɗannan ba a tura musu hoto, kira ake yi, kuma ni nake yi da kaina. Na kira wata da ta ɓace tun bayan Mauludi.

"Hajiya, ina wuni. Shiru kwana biyu, ko mun yi laifi ne?"

Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Alhaji, ba na son faɗa ne. Atamfar nan shuɗiya da kuka aiko min, wanki ɗaya ta zuba. Mutum uku suka dawo min da ita, ni na biya."

Da ban kira ba, da har abada ban sani ba. Bahaushiya ba za ta zo ta yi maka faɗa ba, kunya za ta sa ta koma maƙwabcinka kawai. Na duba jadawali na ga duk waɗanda suka ɗauki wannan samfurin, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na canja wa masu ƙorafi, na kuma daina karɓar kayan daga wanda ya kawo min.

A WhatsApp Business akwai alamomi masu kala da ake liƙa wa kowace hira. Nawa ba su da yawa: 'yan sari, masu na sawa, masu shadda, masu leshi, masu biki a gaba. Amfaninsu shi ne kada in tura wa mai neman shaddar Getzner ta zuwa Idi hoton atamfa mai sauƙin kuɗi, ko in tura wa mai raba kaya a ƙauye leshin da kuɗinsa ya fi jarinta. Jerin turawa gaba ɗaya, wanda muke kira burodkas, mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Mutane da yawa ba su san haka ba, suna ta turawa iska na ɗauka. Shi ya sa duk sabon kwastoma, kafin ya fita, yaro zai ce, "Yallaɓai, a ajiye lambar shago, don in kaya sun zo a gani." In kuma ka dami mutane da hoto 40 kullum da asuba, za su toshe ka, in masu ƙorafi suka yi yawa WhatsApp ya rufe layin gaba ɗaya.

Masu amfani da tes na kuɗi, wato SMS, su lura da abu biyu. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ mai lanƙwasa sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku. Sannan hukumar sadarwa ta NCC ta ba mutane lambar 2442 ta toshe saƙonnin talla, kuma da yawa sun toshe.

Lokaci

Kasuwarmu da watan Musulunci take tafiya, don haka na ƙara gida na watan sama kusa da na Bature. Ƙaramar Sallah ta kama 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025. Kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana 11. Wanda ya kwatanta Afrilun bana da Afrilun bara zai tayar wa kansa da hankali a banza. Sha'aban ake kwatantawa da Sha'aban.

Da na jera haka sai tsarin ya fito fili. 'Yan sarin nesa tun Rajab suke fara motsi, don kaya su isa, su ma su sayar. Masu sayen na sawa daga ƙarshen Sha'aban zuwa goman farko na azumi, saboda teloli suna daina karɓar ɗinki. Wanda ya ɗaga talla a goman ƙarshe ya makara, sai dai mai mayafi da hula da takalmi. Kuma lissafin bara shi ke gaya min abin da zan saro bana. Da can da ido nake saro kaya, abin da ya burge ni. Akwai wata kala da na so ƙwarai, na cika shago da ita, ta yi kwantai har sai da na karyar. Littafin ba ruwansa da abin da ya burge ni.

Kuɗin talla

Gidan nan na "ta ina ya san mu" shi ne alƙalin duk kuɗin da nake kashewa a talla. Kowane sabon mutum sai an tambaye shi, cikin hira ba kamar ɗan sanda ba: "Hajiya, wa ya yi mana hanya?" Wata ta ce Instagram, wata ta ce a rediyo ta ji, wata ta ce ƙanwar mijinta ce ta ba ta lamba.

Ga yadda ake lissafin. A ce ka ba Facebook naira 30,000 ya yaɗa maka hoto a Kano da kewaye. Mutum 60 suka yi magana, ka ji daɗi. Amma 4 ne suka saya, kowa turmi 2, ribar turmi a ce 2,000. Ka samu 16,000 ke nan, ka kashe 30,000. A ranar faɗuwa ce. To amma in biyu daga cikin huɗun nan suka zama masu dawowa duk wata, kafin shekara tallar ta biya kanta ta ninka. In kuma ba wanda ya dawo, ka yi sadaka ga mai kuɗin duniya. Ba yadda za a yi ka san wanne ne ya faru sai in ka rubuta ta inda suka zo, ka kuma bi sawunsu. Haka na auna masu tallata kaya a TikTok. Wata mai ɗimbin mabiya ta kawo min masu tambayar "nawa ne" kamar ƙudaje, ciniki babu. Wata da ba a san ta sosai ba, mabiyanta matan aure ne masu sana'a, ita ta kawo masu saye. Abin da ya fi duka kawo mutanen kirki a littafina shi ne baki da baki, don haka duk wadda ta turo min mutum ina rubutawa, in ta zo sai ta tarar da ɗan kallabi ko turare a ledarta.

Kada kuma yawan mabiya ya ruɗe ka. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida. A shekarar ce gwamnati ta dakatar da Twitter tun daga Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Shafin da kake taƙama da shi ana iya rufe shi ko a sace shi dare ɗaya. Mu masu sayar da zane mun fi kowa sanin cewa zanen aro ba ya rufe katara. Duk wanda ya yi magana ta shafi, ƙoƙarina shi ne sunansa da lambarsa su shigo jadawalina.

Amana

Yawancin lambobin da ke hannuna na matan mutane ne. Na kafa doka a shago: ba yaron da zai kwafi lambar kwastoma zuwa wayarsa, ba hira bayan ta ciniki, ba kira bayan isha'i. Na taɓa sallamar yaro a kan wannan, ban kuma yi nadama ba. Ba na jefa mutane a guruf ba da izininsu ba, don a guruf kowa yana ganin lambar kowa. In maƙwabci ya ce in ba shi lambobin mutanena zai tallata takalmi, amsa ita ce a'a, ko da ɗan uwana ne. Wadda ta ce a daina turo mata, a take ake sauya gidanta zuwa "ba ta so", kuma ba a sakewa.

Yanzu ma ba maganar kirki kaɗai ba ce. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta ba mutum ikon janye yardarsa da ikon cewa a daina yi masa talla kai tsaye. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta manya kuwa miliyan 10 ko kashi 2 ɗin.

Ga kuma masu ƙwacen waya da suka addabi gari. Wayar shago tana da makulli, WhatsApp ɗin na kunna masa lambar sirri ta mataki na biyu mai guda shida, lambobi kuma suna ajiye a asusun Google ba a kan sim ba. Duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da aka turo ta tes, ko ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake, ɓarawo ne, yarana sun haddace wannan. Jadawalin mutum biyu ne ke iya gyara shi, ni da wanda ke shigar da na yamma. Sauran kallo kawai, shi ma ba duka ba.

Wanda ke shigarwar yanzu ƙanin matata ne, bai fi shekara 19 ba. Makon jiya ina shirin rufewa ya ce, "Yaya, akwai mutum bakwai da suka koma ja, kuma Hajiyar Yola ta ce bikin an matso da shi, ankon turmi 30 take so kafin ƙarshen wata." Na ce ya turo min sunayen bakwai ɗin. Na fara kiran ta farko ina cikin adaidaita sahu a kan titin IBB, ta ɗauka a bugu na biyu, ta ce ai Umara ta je.